Hirar Bayan Isha'i

A unguwarmu, can gindin Dala a cikin birnin Kano, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga yadda mace da namiji suke magana da juna. Da ido muka koya da kuma kunne, domin mu yara mu ne 'yan aike. Matan aure suna kulle, samari ba sa wuce soro, 'yanmata kuma ba sa leƙa waje bayan magariba sai an aiko kiransu. Duk maganar da za ta ratsa tsakanin waje da cikin gida, a bakin yaro take tafiya. Shi ya sa duk wanda ya yi ƙuruciya a irin lungunanmu a shekarun 1980 ya san cikin manya fiye da yadda manyan suke tsammani.

Da an idar da sallar isha'i samari suke fara ɓullowa, an sha wanka, an karya hula, ƙamshin turare yana riga mutum isowa. Ba a zuwa zance ba ɗan rakiya. Saurayi zai tsaya nesa kaɗan da ƙofar gida ya yafito yaro, ya ce, "Shiga ka ce ana sallama da wance." Yaro ya ruga tsakar gida ya faɗa da ƙarfi, kowa ya ji, ita kuwa wadda ake kira ta ci gaba da abin da take yi, har sai uwa ko kishiyar uwa ta ce, "Je ka ce tana zuwa." Lokacin da ake neman auren yayata, ni ce mai kai tabarma da fitilar ƙwai soro. In na shimfiɗa sai in koma bayan ƙyaure in laɓe, kuma ta san ina nan. Ina jin zamana a wurin ma yana rage mata nauyi.

Abin da nake ji bai kai abin da yaran yanzu za su kira soyayya ba. Gaisuwa ce mai tsawo, a tambayi Baba, a tambayi Inna, a tambayi har jaririn gidan. Ɗan rakiya ya yi ta jan zance da barkwanci har Yaya ta yi murmushi a cikin mayafi, sannan ya ce bari ya je ya sayo goro, ya ba su wuri. Daga nan sai muryar manemin ta sauka. Yaron shago ne a Kantin Kwari, labarin da yake ba ta bai wuce na ubangidansa ba, da ciwon ƙafar mahaifiyarsa, da ɗakin da yake ginawa a gidansu wanda ya kai linta kuɗi suka yanke. Ita kuwa daga "to" sai "Allah ya sawwaƙe" sai "Allah ya rufa asiri", tana wasa da bakin tabarma. Amma duk ranar da ya dawo, abin da za ta fara tambaya shi ne jikin Hajiya, kuma ba ta manta wace ƙafar ce. Da tafiya ta yi tafiya sai na fara jin maganarta tana tsawo, har wata rana na ji tana gaya masa ita fa ba ta son a cire ta daga makaranta in an yi auren. Ya yi shiru, sannan ya ce zai yi wa mahaifinsa magana. Ya kuwa yi. Gyaran muryar Baba daga bakin lungu shi ne ƙarshen zance. Kafin ya iso baƙi sun miƙe, an bar toshi a ƙarƙashin tabarma, ni ma in sami na alawa.

Lokacin kaɗan ne, shi ya sa ba a ɓarnatar da shi. Saurayi yakan wuni yana tsara abin da zai faɗa, budurwa ta kwana tana juya abin da ta ji.

Ina cikin 'yanmatan da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwasa zuwa aji. Kafin in gama firamare hannuna ya faɗa da rubutun boko, sai na zama mai rubuta wa matan lungunmu wasiƙa. Wadda ta fi kirana wata maƙwabciyarmu ce da mijinta falke ne, goro yake sarowa daga Shagamu, yakan yi watanni a can. Wasiƙar ba ta gidan waya take bi ba, direban babbar mota ake ba wa ya kai hannu da hannu.

Takan kori 'ya'yanta waje, ta sakaya ƙofa, ta miƙo mini takardar da aka yago daga tsakiyar littafin makaranta. Mu fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mu jero masu gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, kada a manta wani ya yi fushi. Sai labarin gida: an yi wa yaro kaciya, indararo ya karye, gero ya tashi, an kai zubin adashi. Duk wannan da sauri take faɗa, ina ta kokawa da biro. Sai ta yi shiru. A nan ainihin wasiƙar take. "Ki ce masa..." sai ta fasa. "A'a, bar wannan." Ta dubi rufin ɗaki, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta sake farawa. Wata rana bayan dogon shiru ta ce, "Rubuta ki ce sanyi ya shigo, kuma ɗakin nan ya yi mini girma." Na rubuta ban fahimta ba, har ina mamaki, don ɗakin ƙarami ne, gado mai rumfa da jeren kwalla sun cinye shi. Wanda aka rubuta wa ya fahimta. Amsa ta zo tare da turmin atamfa, a ƙarshenta an ce in Allah ya yarda ba zai yi azumi a can ba. Shi ma ba da hannunsa ya rubuta ba, wani ɗan makaranta ya samu a can ya zaunar. Ta sa na karanta mata, ta ce in sake, sannan ta linke takardar ta sa a cikin kwallar da ke can ƙasan jere, inda ba hannun da ke kaiwa sai nata.

Da rediyo mai kaset ta wadata, aikina ya ragu. Sai ta aro ta gidanmu, ta rufe ɗaki ita kaɗai, ta danna jan maɓalli ta yi maganarta da bakinta. Ban taɓa jin abin da ke cikin kaset ɗin ba, amma na sha ganin fuskarta in ta fito. Haka matan da mazansu ke Makka ko Kumasi ko Legas suke yi: kaset ya tafi a jakar alhaji ko aljihun direba, wani ya dawo. A saurara da dare, a mayar baya, a sake saurara, har zaren ya cukurkuɗe a sa biro a naɗe shi. Masu ƙarfin hali kuma su sayi katin Zaɓi Sonka, a karanto a Rediyon Kaduna, duk Arewa ta ji wane yana gaishe da wance.

Amma karatun da ya fi zauna mini shi ne na Baba da Inna. Har Inna ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba. "Malam" take cewa, in kuma da mu take magana ta ce "babanku". Akwai wani yaro a maƙwabta mai sunansa, Inna ba ta kiransa sai da laƙabi. Shi ma ban taɓa jin ya ce yana son ta ba, kuma da wani zai tambaye shi a gabanmu, na tabbata tashi zai yi ya bar wurin. Wanda ya dube su da rana zai ce ba ruwan wani da wani.

Sai dai suna da lokacin da yake nasu, ba mai taɓa shi. Matan Baba biyu ne, kwana bibbiyu suke karɓar girki. Ranar da girki ya faɗo kan Inna, tun la'asar za ka ga alama: an yi shara, an sa turaren wuta, an ware masa malmalar tuwo a akushi da man shanu a 'yar tasa. In ya dawo daga masallaci da majalisa, ita da kanta take ɗauka ta kai. Da bazara, lokacin da zafi kan kori kowa zuwa tsakar gida, a ƙofar turaka suke shimfiɗa, mu kuma muna kwance nesa kaɗan muna barcin ƙarya. Yana ci tana masa fifita. Rediyonsa tana gefe an rage murya, da an gama labaran BBC sai ya kashe. Daga nan sai hira. Baba dillalin riguna ne a Kasuwar Kurmi, yakan kwaso wunin kasuwa kaf ya zube mata: wanda ya ci bashi ya ɓuya, baƙon da ya zo daga Damagaram, rigar da ya yi wa kuɗi ya faɗi. Inna ba ta san hanyar rumfarsa ba, amma ta san mutanen cikinta da halin kowa. Takan ce, "Malam, mutumin nan kada ka ƙara ba shi kaya sai ya kawo na baya." Ya ce, "Haka kika gani?" Ta ce, "Haka na gani." Ita kuma ta ba shi na gida: wace ce ba ta jin daɗi, wane yaro ne ya fara bin abokan banza, me ya ragu a buhu, wa ya aiko da maganar aure. Maganar wucewata sakandare a kan wannan tabarmar aka yanke ta. Da safe Baba ya sanar da ita a matsayin hukuncinsa, Inna tana tankaɗe ko kai ba ta ɗago ba.

Suna saɓawa, ai zo mu zauna zo mu saɓa ne. Amma fushinsu ma kowannensu ya iya karanta na ɗan'uwansa. In ran Inna ya ɓaci ba ta ɗaga murya, sai dai ranar girkinta ta ce da ni, "Ɗauki ki kai wa babanku." Da ya ga akushi a hannuna maimakon nata, ya san akwai magana. Ba zai tambaye ni ba. Washegari da dare sai ya shigo da ƙunshin tsire ko balangu a takarda, ya miƙo mini ya ce, "Kai wa innarku." In ta karɓa ta rarraba mana ta ajiye nata, an kusa shiri. In ta ce in ajiye a can, da sauran aiki. Sai da na girma na gane tsiren share fage ne kawai. Bayan mun yi barci sai an zauna an faɗi abin da ya faru. Na sha farkawa cikin dare in ji muryarta ƙasa-ƙasa tana jero abin da ya ɓata mata rai, shi kuma yana cewa "na ji", ba ya katse ta. Wani lokaci ya kare kansa, wani lokaci ya ce, "Ban san abin ya kai haka ba." Iyakar ban-haƙurin Baba ke nan, kuma Inna ta san nauyin wannan magana a bakinsa.

Ba duk gidajen wancan zamani ne haka ba. Na ga akasinsa da idona a gidan goggona. A al'adarmu, daren da aka kai amarya abokan ango sukan zo sayen baki, a yi ciniki da ƙawayenta, a ajiye kuɗi da alawa kafin ta amsa gaisuwa. An sayi bakin Goggo yadda ake yi wa kowa, amma tun daga ranar mijinta bai ƙara neman jin abin da ke cikinsa ba. Ba ya dukan ta, ba ya barin ta da yunwa, kayan sallah ba sa wuce ta. Zai shigo ya ci, ya yi hamdala, ya juya mata baya. Hirarsa tana majalisa, dariyarsa tana wurin abokai, in ya shigo gida sai fuskar shanu. Maganar ƙarin aurensa a bakin mai kitso ta ji ta. In ta kawo kuka gida, tambayar da ake mata ba ta canzawa: yana ba ki abinci? Yana dukan ki? To me kike nema? Yi haƙuri. Ita kuma ta rasa yadda za ta bayyana abin da ke cin ta, don a lokacin ba a lissafa rashin magana cikin cutarwa. Hanyar da ta rage mata ta a saurare ta ita ce yaji. Ta haɗa kaya ta taho, a aiko biko, manya su zauna, a nan ne kaɗai, a gaban kawunnai, mijinta yake jin abin da ya kamata ya ji a ɗakinsa. A mayar da ita, a ɗan kwana biyu, a koma gidan jiya. A wannan gidan Goggo ta tsufa, mutane suna yaba haƙurinta. Ni kuwa har yau in na tuna ta sai zuciyata ta yi nauyi. Mace ce mai hira da ban dariya, in ta zo gidanmu ta fara ba da labari har tuwo yake kamawa a tukunya, amma mutumin da ya fi kowa haƙƙin jin wannan hira ya gama zamansa da ita bai san da wa yake zaune ba.

Ina ganin irin ciwon Goggo ne ya cika kasuwa da littattafan soyayya. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, shekarar da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, matan aure da yawa suka shiga koyon karatu. Bayan shekara goma abin ya bunƙasa: Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a 1990, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, da wasu ba iyaka. Ina sabuwar amarya a lokacin. Haya muke karɓo su, littafi ɗaya ya zaga lungu har bangonsa ya fita, wadda ta iya karatu ta karanta wa waɗanda ba su iya ba bayan an sauke tukunyar rana. Malamai da iyaye sun yi ta suka, ana cewa suna ɓata tarbiyya, kwaikwayon finafinan Indiya ne irin waɗanda ake nunawa a Plaza da Orion da Marhaba, har aka kai ga ƙona wasu a Kano a 2007. Akwai na banza a cikinsu, ban musa ba. Amma na zauna cikin matan da ake karanta wa, na san inda suke cewa "sake karanta wurin nan". Motoci da gidajen bene wucewa ake yi. Wurin da namiji ya zauna ya tambayi mace abin da ke damun ta, ya kuma jira ta ba shi amsa, nan ɗaki yake yin tsit.

Sai ga wayar salula a 2001. Da farko layin kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci, ana ƙirga magana da minti, mutane suna ta filashin. Ba a jima ba ta shiga kowane hannu, aka buɗe kiran dare kyauta, samari da 'yanmata suka koma kwana a waya har kusan assalatu. Na yi murna da ita, har yanzu ina yi. Matar falke ta yau ba ta buƙatar 'yar makaranta ta shiga tsakaninta da mijinta, saƙon murya take aikawa ta WhatsApp, kafin ta ajiye wayar ya ji. Kalmomin da Inna ta rasu ba ta furta ba, jikokinta suna rubuta su tun kafin karin kumallo, kuma ban ga laifin haka ba. Faɗar so ba ta rage wa kowa daraja.

Abin da ke damuna shi ne inda maganar take shiga bayan biki. Ɗaya daga cikin 'ya'yana ta daɗe tana hira da maneminta kullum dare, amma ba a rufa shekara da tarewa ba ta zo mini ido jawur. Ba duka, ba zagi, ba yunwa. "Umma, ba ya magana da ni." Goggo ce ta faɗo mini a rai nan take. Ƙanwarta da ta je musu hutu ita ta fayyace mini sauran. Yana fita tun safe, ya sha cunkoson hanya, ya dawo bayan isha'i a gajiye, ya zauna kan kujera da wayarsa, ita ma da tata a ɗaya kujerar, talabijin yana yi ba mai kallo. Kowannensu yana hira har da dariya, amma da mutanen da ba sa ɗakin. In ta ji haushi sai ta ɗora habaici a sitatus, duniya ta gani, shi ma ya gani ya basar. In abin ya yi zafi a shiga jifan juna da dogayen saƙonni daga ɗaki zuwa falo, maganganun da ba za su iya faɗa ido da ido ba. Shi kuwa rubutu yana nan a ajiye, ko bayan an shirya ana iya komawa a karanta a sake jin zafi.

Sun kuma rasa abin da mu muka samu. Gidan haya ne a bayan gari, su biyu rak, ba tsohuwar da za ta dubi fuskar amarya da safe ta gane an kwana da magana. Gidan yawa yana da nasa fitintinu, wanda ya zauna ya sani, amma akwai idon da ke lura, akwai yaron da za a ba akushi ya kai. Yanzu in mutum biyu suka daina magana, sai abin ya yi nisa kafin wani ya sani.

Ba a gidan 'yata kaɗai abin yake ba. A farkon 2009 ƙungiyar zawarawa da marayu ta Hajiya Atine Abdullahi ta shirya fitowa kan titunan Kano don kokawa da yawan saki, Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin jiha ta fara aurar da zawarawa da ma'aurata 100, a watan Oktoban 2023 kuma aka ɗaura na 1,800. Ana ba da gado da katifa da sadaki da ɗan jari, ana gwajin lafiya, duk abin a yaba ne, domin babu tana kashe aure, ba mai musun wannan. Amma shekaru sun sa yanzu ana kirana sulhu a dangi da unguwa, kuma sau da yawa in aka bi diddigi, aka wuce maganar cefane da kishiya da dangin miji, abin da ake tararwa a ƙasa 'yar ƙaramar magana ce da ba a yi ta ranar da ya kamata ba. Ta kwana, ta yi wata, wasu suka taru a kanta.

Masu cewa sakar wa mace fuska raini yake jawowa sukan jingina abin da addini. Malamarmu ta Islamiyya ce ta warware mini wannan. Ta karanta mana hadisin Ummu Zar'in da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Nana A'isha ta zauna tana ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dogon labarin mata 11 da kowace ta siffanta mijinta. Mutumin da al'umma take wuyansa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ba ta amsa daga cikin labarin, alamar da kunne biyu ya ji. Ta kawo mana inda yake gaya mata yana gane ranar da take fushi da shi daga yadda take rantsuwa, da inda Amru ɗan Al-As ya tambaye shi wa ya fi so cikin mutane, ya ambaci sunan matarsa ba ɓoye-ɓoye. Malama ta rufe littafi ta ce, "To ku gaya mini, wane ne a garin nan ya fi shi aiki?"

Ban ce 'yata ta yi yaji ba, ban kuma ce mata yi haƙuri kawai in sallame ta ba. Na gaya mata yadda muke yi ni da mahaifinta, wanda tsohon tsarin Baba da Inna ne muka ɗan gyara. Abincin dare tare muke ci, rediyo a kashe, waya a ɗaki. Ba wani dogon lokaci ba ne, gwargwadon cin tuwo da shan shayi. Ya faɗi wuninsa, in faɗi nawa. In akwai ɓacin rai ba a tayar da shi mutum yana shigowa da yunwa da gajiya, ba a kuma barinsa ya yi ta kwana. Mai magana a bar shi ya kai aya. Abin da nake so kuwa faɗa nake yi kai tsaye. Labarin zuciya a tambayi fuska, haka ne, amma ba kowane namiji Allah ya ba karatun fuska irin na Baba ba, kuma ba adalci ba ne a hukunta mutum kan abin da ba a gaya masa ba. Na ce ta sauke habaici daga waya, ta daina kai ƙararsa wurin ƙawaye kafin shi ya ji. Shi kuwa mijin, surukuta ba za ta bar mu mu zauna da shi ba, sai muka bi ta wurin kawunsa da ya karɓar masa auren. Kawun ya dawo yana girgiza kai, ya ce yaron ya rantse shi a ganinsa lafiya lau suke zaune, tunda ba abin da ta nema ta rasa. Na yarda da shi, ba mugunta ba ce. Haka ya tashi ya ga ana yi, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa hirar da ya yi ta yi kafin aure bashi ne ya ɗauka, bayan aure ake biya. Suna nan tare da 'ya'yansu, suna saɓawa suna shiryawa.

Roƙona ga iyaye da kawunnai da goggonni ne, mu da muke yi wa amare faɗa ranar kai su. Muna zaunar da yarinya mu cika mata kunne da yi na yi, bari na bari, tana kuka muna ƙarawa, ango kuwa yana waje da abokai ana ɗaukar hoto, ba mai ce masa komai sai "a riƙe amana". Don Allah a samu wani babba da yake jin nauyinsa ya ja shi gefe kafin a kai masa matar, ya gaya masa dalla-dalla cewa bayan ci da sha da sutura, tana da haƙƙin ya zauna ya saurare ta. Limaman da ke ɗaura aure da masu shirya auren gata na gwamnati su sa wannan cikin nasiharsu. Ita ma amarya, bayan haƙurin da za mu ce ta yi, mu ƙara mata da cewa in abu ya dame ta ta buɗe baki ta gaya wa mijinta, cikin ladabi, tun abin yana ƙarami.